Alhaji Umaru Karki (1858-1934): Malamin Zongo Da Ya Rubuta Tarihin Zamaninsa

A ƙasar Hausa, da ma duk inda Bahaushe ya yada zango, da wuya mutum ya shiga gida uku bai ji an kira Umaru ba. Suna ne da iyaye ke raɗa wa ɗansu domin neman albarkar Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, halifan Manzon Allah (SAW) na biyu, wanda ya riƙe al'umma daga shekarar 634 zuwa 644. Inda ake jin nauyin kama sunan, sai a sakaya a ce Sanda ko Faruku. Maƙwabtanmu Dagwambawa da Gwanjawa kuwa Imoro suke cewa.

Manyan mutane da dama sun amsa wannan suna a yankinmu. Akwai Malam Umaru Dallaji, wanda ya karɓo tuta a zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zama Sarkin Katsina. Akwai Shehu Umar na Barno, ɗan Shehu Laminu, wanda ya rasu a 1881. Akwai Umaru Nagwamatse da ya kafa Kwantagora, ga kuma Alhaji Umaru Futi, jagoran Tijjaniyya, wanda ya zauna a Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kafin ya koma yamma ya ɗaga tutarsa, ya rasu a 1864.

Duk waɗannan masu sarauta ne ko masu takobi. A yau filin namu zai duba wani Umarun ne daban, wanda bai taɓa riƙe gari ba, bai kuma ja runduna ba, alƙalami da tawada kawai ya riƙe. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu, limamin Kete-Krachi, wanda malaman Zongo a Kumasi da sauran garuruwan Ghana suka fi sani da Alhaji Umaru Karki.

A ƙarshen littattafansa da kuma bakin almajiransa, ana jingina shi ga garuruwa huɗu: Bakabe, Bakano, mutumin Salga, mutumin Karki. Duk wanda ya bi waɗannan laƙubba ɗaya bayan ɗaya, to ya bi hanyar da kakannin mutanen Zongo da yawa suka biyo har suka iso wannan ƙasa.

Asalinsa Da Karatunsa

An haifi Malam Umaru a birnin Kano wajen shekarar 1858. Asalin gidansu mutanen Kabi ne, wannan ne ya sa ake ce masa Bakabe. Mahaifinsa, Malam Abubakar, malami ne kuma falke, yana fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja kamar yadda dubban Hausawa suke yi a wancan zamani.

A Kano ya fara karatun allo har ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, sannan ya shiga karatun littattafai a zaurukan malaman birni, inda ya karanci fiƙihu da nahawu da lugga da tafsiri. Daga baya neman ilimi ya kai shi yamma, ƙasashen Sakkwato da Gwandu da Kabi, inda a lokacin almajiran almajiran Shehu da Malam Abdullahi na Gwandu suke da rai, littattafansu kuma suna yawo hannu da hannu.

Bai tsaya a zaure kaɗai ba. Tun yana saurayi yakan bi mahaifinsa fatauci, kuma wannan tafiya ita ce makarantarsa ta biyu. Ayarin Gwanja yakan ɗauki watanni a hanya. Madugu na gaba, jakuna na ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafin Kano da jan fata da sauran haja, a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu, a bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi, sannan a sauka Salga. A dawowa kuma a ɗauro huhunan goro, ana yayyafa musu ruwa ana sake ganye don kada su lalace. A wannan hanya ne yaron ya ga al'ummu iri-iri, ya ji harsunansu, ya lura da abincinsu da sarautunsu da yadda suke ciniki. Abin da ya gani ya zauna masa a ka, ya kuma yi masa rana daga baya.

A wajen shekarar 1877, yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka, ya rubuta littafinsa na farko da aka sani, da Larabci, mai suna Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa. Littafi ne da ke koya wa mutum yadda ake tsara wasiƙa, da yadda ake buɗe ta, da irin lafazin da ya dace da sarki, da wanda ya dace da malami ko aboki. Wanda ya san rayuwar fatake zai gane amfanin irin wannan littafi, domin bashi da amana da saƙon gida duk a takarda suke tafiya tsakanin Kano da Gwanja, kuma malamin ayari shi ne mai rubutawa da karantawa.

Zamansa A Salga

A ƙarni na 19 Salga ita ce babbar kasuwar da kurmi da arewa suke haɗuwa. Goro na fitowa daga dazuzzukan Asante, wato ƙasar da Hausawa ke kira ta Tonawa, fatake kuma suna jiransa a Salga. Gari ne mai rijiyoyi da yawa da masallatai da masaukai, kuma gaskiya ita ce har da babbar kasuwar bayi. Sarautar ƙasar tana hannun sarakunan Gwanja da ke zaune a Kpembe, kusa da garin.

Amma tun kafin Malam Umaru ya tare a can, kasuwar ta fara ja da baya. A 1874 Turawan Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Ganin haka sai Salga ta ɓalle daga ƙarƙashin Asante, su kuma Asante suka toshe mata hanyar goro, suka karkata cinikin zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Duk da haka garin bai rasa malamai da attajirai ba, kuma a cikinsu ne Malam Umaru ya zauna wajen 1892, ya buɗe makaranta. A Salga ne kuma ya san wani Bajamushe mai binciken harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka laƙaba wa Malam Musa.

Zaman bai yi tsawo cikin kwanciyar hankali ba. A ƙarshen 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe. Kabachewura Isifa ya nemo taimakon Dagwambawa da Nanumbawa, ya auka wa Kpembewura Napo. Aka ci Kpembe, aka wawashe Salga, baƙi da attajirai suka watse. Wasu suka nufi Yeji, wasu Kintampo da Atebubu, wasu kuma suka gangara bakin kogin Volta zuwa Kete-Krachi. Zuriyar waɗannan mutane na cikin waɗanda daga baya suka cika unguwannin Zongo na kudu.

Malam Umaru ya ga wannan masifa da idonsa, ya kuma zuba ta cikin waƙoƙin Larabci guda biyu. Ɗaya daga cikinsu ita ce Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan. A ciki bai ɗora laifin duka a kan mayaƙa ba. Ya bayyana yadda zalunci ya yi yawa a garin tun kafin yaƙi, yadda masu mulki suke ƙwace dukiyar mutane, da yadda tarbiyya ta lalace. Masu nazarin tarihin Gwanja, irin su J. A. Braimah da Jack Goody da suka fitar da littafi a kan yaƙin Salga a 1967, sun dogara da shaidar irin waɗannan rubuce-rubuce na malaman garin.

Limancin Kete-Krachi

Bayan 'yan shekaru, wajen 1896, Malam Umaru ya bi sahun waɗanda suka koma Kete-Krachi. Garin kashi biyu ne. Krachi ta 'yan ƙasa ce, mazaunin tsafin nan na Dente da ya yi suna a duk yankin, Kete kuma ita ce zangon Hausawa da sauran Musulmi. A 1894 Jamusawa suka kashe babban bokan Dente, suka kafa barikinsu a wurin, garin ya shiga ƙarƙashin mulkinsu na Togo. Daga sunan Krachi ne bakin Hausawa ya fitar da laƙabin Karki.

Masu tarihi sun rawaito cewa an yi jayayya a kan limancin Kete tsakanin Malam Umaru da wani malamin da ya tarar. Da maganar ta kai gaban jami'in Jamus na wurin, Graf von Zech, wanda daga baya ya zama gwamnan Togo, sai ya sa aka gwada su da karatun littafin Larabci, Malam Umaru ya yi rinjaye, aka ba shi limanci. Daga nan ne aka fara kiransa Liman Umaru, wanda Turawa suka riƙa rubutawa Imam Imoru.

In ban da 'yan tafiye-tafiye da ya yi zuwa wasu garuruwan arewa da kuma aikin Hajji, a Kete-Krachi ya ƙare rayuwarsa. Makarantarsa ta yi suna ƙwarai, har almajirai suna tahowa daga zango-zango na Gwalkwas da Togo domin su karanci lugga da nahawu da arulin waƙa a gabansa. Wanda ya gama ya koma garinsu ya buɗe tasa makarantar, yana ɗauke da kwafin waƙoƙin malaminsa da ya rubuta da hannunsa. Ta haka ne rubuce-rubucensa suka bazu a wannan yanki.

Waƙoƙinsa A Kan Zuwan Turawa

Abin da ya fi fito da sunan Alhaji Umaru a duniya shi ne waƙoƙi uku da ya yi a kan zuwan Nasara. Biyu da Larabci ne, ya yi su a wajen 1899 da 1900, ta ukun kuma da Hausa, wadda aka fi sani da Waƙar Nasara, a wajen 1903.

Ya kamata mai karatu ya tuna da abin da ke faruwa a waɗannan shekaru. A 1896 Turawan Ingila suka kama Asantehene Prempeh na ɗaya suka fitar da shi daga ƙasarsa. A 1898 Faransawa suka kama Samori. A 1899 Ingila da Jamus suka raba yankin Salga da Yandi a tsakaninsu. A 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa. A watan Fabrairun 1903 Kano, mahaifar Malam Umaru, ta faɗi, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris, sannan a watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Cikin ƙasa da shekara goma, duniyar da ya tashi a cikinta ta kife.

A waƙoƙin Larabcin, ya bayyana yadda Turawa suka fara zuwa da lalama da daɗin baki, suna cewa ciniki ya kawo su da gyaran hanya da hana zalunci, mutane suka karɓe su hannu biyu, daga baya sai ga tutoci da bindigogi. Ya jero garuruwa da sarakunan da aka ci ɗaya bayan ɗaya, daga yamma har gabas, yadda mai sauraro zai gane cewa abin bai tsaya a kan gari ɗaya ko ƙabila ɗaya ba. Fatake da alhazai da almajirai su ne majiyarsa, kuma yawan sunayen da ya kawo ya nuna irin nisan da labari ke yi a hanyoyin ayari.

A waƙar Hausar kuwa, baƙin cikin yana nan, amma ya haɗa da wani abu. Ya faɗi irin ƙarfin da Nasara suke da shi da yadda suka ƙasƙantar da masu sarauta, ya kuma yarda cewa hare-hare sun ragu, hanya ta yi lafiya. Wanda ya ga abin da yaƙin basasa ya yi wa Salga ba zai raina zaman lafiya ba, ko daga hannun wa ya zo. Haka kuma a wajen 1904 zuwa 1905, lokacin da wani mai wa'azi da ake kira Musa ya ɓullo a arewacin Gwalkwas yana tara jama'a da da'awar Mahadiyanci, Liman Umaru ya yi waƙa yana gargaɗin mutane a kansa. Matsayinsa shi ne a riƙe addini da ilimi, a yi haƙuri da zamani, kada a jefa talakawa cikin abin da ba za su iya fita ba.

Aikinsa Da Mischlich

A Kete-Krachi ne Liman Umaru ya haɗu da wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ke da sha'awar harshen Hausa, har ya wallafa ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Mischlich ya riƙa ɗaukar karatu a wajensa, ya kuma roƙe shi ya rubuta masa abin da ya sani game da ƙasar Hausa.

Liman ya zauna ya rubuta shafuka masu yawan gaske da ajami, cikin zube ba waƙa ba. Ya rubuta tarihin Kabi, ƙasar kakanninsa, da labarin wasu ƙasashen Hausa da maƙwabtansu, da na jihadi. Ya kuma rubuta yadda ake noma da kiwo, da saƙa da rini da ƙira da jima, da yadda kasuwa ke ci, da aure da suna da jana'iza, da matsayin bayi a gida da gona. Abin da ɗan falken nan ya gani a hanyar Gwanja da lungunan Kano, shi ne ya dawo a takarda. A wancan zamani malamai sun fi rubuta Hausa a waƙar wa'azi, zube kuma a bar wa Larabci. Don haka waɗannan takardu na cikin mafiya tsufa da yawa na zuben Hausa da wani Bahaushe ya rubuta a kan rayuwar mutanensa.

A nan akwai abin dubawa. Mutumin da ya yi kukan zuwan Nasara a waƙa, shi ne kuma ya zauna da jami'insu yana koya masa Hausa. Wasu na ganin wannan a matsayin sassauci. Sai dai idan aka duba sakamakon, Jamusawa sun bar Togo tun 1914, amma abin da Liman ya rubuta yana nan, kuma da shi ake sanin abubuwa da yawa na zaman Hausawa kafin Turawa, daga bakin ɗan gida. Mischlich ya buga wani sashe a Jamus tsakanin 1907 da 1909, ya ƙara fitar da wani a 1942.

Hajji Da Shekarun Ƙarshe

A 1913 Liman Umaru ya tafi aikin Hajji, bai dawo ba sai wajen 1918. A ƙasa mai tsarki ya sadu da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umaru Futi, wanda ya yi hijira zuwa Madina bayan Turawa sun ci ƙasashensu, ya zama madogarar alhazan Afirka ta Yamma. Ta hannunsa Liman ya samu izini a ɗariƙar Tijjaniyya. Ta nan ne zaren Umarun Futa da na Umarun Karki ya haɗu.

Da ya dawo ya tarar da wata sabuwar duniya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kori Jamusawa, Kete-Krachi ta koma hannun Ingila. Sai kuma ga annobar murar nan ta 1918 zuwa 1919 da ta kashe miliyoyin mutane a duniya, ta kuma yi ɓarna sosai a Gwalkwas. Alhaji Umaru ya yi mata waƙa, inda ya siffanta yadda ciwon ke kama mutum, da alamominsa, da irin magungunan da mutane suka riƙa gwadawa, ya rufe da addu'ar neman tsari.

Cikin waƙoƙinsa na Hausa, wadda ta fi shiga zuciyar talaka ita ce Waƙar Talauci da Wadata. A ciki ya nuna yadda ake yi wa matalauci a taro, yadda maganarsa ba ta da nauyi ko da gaskiya ya faɗa, yadda dangi ke gudunsa, alhali mai dukiya ko ya yi kuskure sai a gyara masa. Duk wanda ya zauna a zango, inda darajar baƙo take rataye da abin hannunsa, ya san abin da malamin yake faɗi.

Ya kuma juya waƙar shahararren mawaƙin Larabawan jahiliyya, Imru'ul Ƙaisi, zuwa Hausa. Baturen nan mai binciken al'adun Asante, R. S. Rattray, ya sadu da shi, ya kuma buga wannan aiki a 1934. Haka nan ya yi wa ɗansa Alhaji Labbo marsiyya, wanda ya rasu yana matashi bayan ya yi nisa a karatu, rashin da ya girgiza mahaifin ƙwarai. An buga wasu daga cikin ayyukansa na Larabci a Alƙahira bayan rasuwarsa.

Alaƙarsa Da Zongon Kumasi

Musulmi sun daɗe a Kumasi. Turawan da suka ziyarci fadar Asantehene a 1817 da 1820 sun tarar da malamai a can suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu. Amma Zongo kamar yadda muka san shi ya kafu ne bayan 1896, ya kuma bunƙasa bayan 1900, lokacin da aka buɗe wa fataken arewa hanyar shiga kurmi kai tsaye. Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, ga goro ga koko, sai cinikin da a da ake yi a Salga ya dawo nan. Hausawa da Mosawa da Zabarmawa da Wangarawa da Fulani da Yarbawa da Kotokoli da sauransu suka zauna tare, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su.

Sabon zango yana bukatar limamai da alƙalai da malaman makaranta, kuma Kete-Krachi na cikin wuraren da ake zuwa a samo wannan ilimi. Akwai kyakkyawar alaƙa tsakanin Alhaji Umaru da Malam Sallau ɗan Yakubu Bakatsine, wanda ya zama Sarkin Zongon Kumasi a 1919. Malamin ya yi masa waƙoƙin yabo da Larabci, ya kuma ambace shi cikin waɗanda suka taimaka wa aikin masallacin Kete-Krachi. Wannan na nuna yadda malami a bakin Volta da sarki a Kumasi suke riƙe da juna, ɗaya da ilimi, ɗaya da dukiya da faɗa-a-ji. A ƙarshen rayuwarsa kuma ya yi waƙa yana kiran Musulmi su haɗa kai su bar rarrabuwa, kiran da ya dace da kowane zango da ƙabilu da yawa ke sallah a masallaci ɗaya.

Rasuwarsa Da Abin Da Ya Bari

Allah Ya yi wa Alhaji Umaru rasuwa a Kete-Krachi a shekarar 1934, yana da shekara kusan 76. Bayan shekara talatin da 'yan kai, da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cika ya shanye tsohon garin, aka mayar da mutane sabon matsuguni. Titunan da ya taka da kasuwar da ya sani suna ƙarƙashin ruwa, takardunsa ne suka tsira.

A shekarun 1960, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta shiga tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami daga hannun malamai a faɗin ƙasa. Ivor Wilks da Thomas Hodgkin na cikin jagororin aikin, Alhaji Usmanu Boyo kuma shi ne ya riƙa bin gari-gari yana aro littattafai ana ɗaukar hotonsu. Ayyukan Alhaji Umaru na cikin waɗanda aka fi samu a hannun mutane. A Jamus, Heinz Sölken ya buga tarihin Kabi da malamin ya rubuta. A Amurka, Douglas Ferguson ya yi digirinsa na uku a 1973 a kan bayanin da Liman ya yi na ƙasar Hausa.

Wanda ya fi kowa daɗewa a kan aikin shi ne wani malamin Jami'ar Warso ta ƙasar Folan, Farfesa Stanislaw Pilaszewicz. Stanislaw suna ne da ya yawaita a Folan da maƙwabtanta kamar yadda Umaru ya yawaita a wajenmu. Wannan bawan Allah ya fitar da Waƙar Talauci da Wadata a 1974, da Waƙar Nasara a 1975, ya rubuta littafi sukutum da harshen ƙasarsu a kan rayuwar Alhaji Umaru da waƙoƙinsa a 1981, sannan a shekarar 2000 ya buga zuben ajamin da aka adana daga takardun Mischlich.

To, a nan ne maganar ta dawo gida. Ɗalibi a Warso ko Balin na iya ɗauko littafi ya karanta Alhaji Umaru, alhali yaro a Aboabo ko Sabon Zongo ko Asawase zai iya gama makaranta bai taɓa jin baiti ɗaya nasa ba, domin masu karanta ajami suna raguwa, ayyukan kuma ba su yawaita da boko a kasuwa ba. Mutanen Zongo sun san zafin a kira su baƙi. Dattawa ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 ta zamanin gwamnatin Busia ba, lokacin da aka raba iyalai da gidajensu cikin 'yan makonni. Al'ummar da ake yi wa irin wannan kallo tana bukatar ta san cewa tun kafin a haifi ƙasar Ghana a 1957, wani malaminta ya zauna a bakin Volta yana rubuta tarihin wannan ƙasa, kuma jami'o'in duniya suna dogara da abin da ya rubuta.

Aikin da ya rage bai fi ƙarfin Zongo ba. Kwafin waƙoƙin suna Legon, wasu kuma suna cikin akwatunan gidajen malamai. Ana bukatar masu iya ajami su juya su zuwa boko tun suna da rai, masu hali su ɗauki nauyin bugawa, makarantun Islamiyya kuma su sa su cikin abin da ake koya wa yara. Iyaye da suka raɗa wa ɗansu Umaru, bayan labarin Sayyidina Umaru, sai su ƙara masa da na wannan takwaran nasa na kusa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru Karki, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma Ya ba mu ikon amfana da abin da ya bari. Amin.